Kawu Yana Ojoo, Mu Muna Musun Turanci

"Texted ake cewa, ba text ba," na gyara wa ƙanina Sadiku. Ya gama faɗa min ke nan ya tura wa Kawu saƙo cewa ga mu nan zuwa tashar motar Ojoo mu ɗauko shi.

Ya ce Turawa ma haka suke faɗa. Na ce ƙarya ne. Muka duƙufa kan waya neman hujja, har aka yi ruwa aka ɗauke.

Sai ga Kawu a kan okada, ya jiƙe sharkaf. Sadiku ko kunya babu, wai Kawu ya raba mana gardama.

Kawu ya matse hularsa ya ce, "Saƙon dai ya iso. Ku ne ba ku iso ba."

Har yau mahaifiyarmu Hajiya ba ta kula mu. Amma tsakani da Allah, jama'a, ba ni ce da gaskiya ba?