Dalar da ke da kogi a gindinta

Jiya a bayan kasuwar Garuwa, nan Kamaru, na tarar ana yanka wata tsohuwar gingimari da wutar walda. A ƙyauren bayanta na gane zanen marigayi Kawu, ƙanin mahaifiyata, duk ya koɗe.

Fentin motoci ne sana'arsa, kuma abu ɗaya yake zanawa: dutsen Dala na Kano, garin kakanninmu da bai taɓa takawa ba. Kullum sai ya shimfiɗa kogi a gindin dutsen, har da dorina.

Wata rana na kai masa abinci rumfarsa mai warin fenti da kananzir, sai wani direba Bakano ya tuntsire da dariya.

"Baba, ina ka ga kogi a Dala? Wannan ai Binuwai ne!"

Kawu bai ɗago ba, ya ci gaba da shafa fentinsa. Ya ce, "Ɗana, can ku ce mana 'yan Kamaru, nan a ce mana 'yan Najeriya. Bar ni da garin da na gina."

Jiya ina tsaye wuta ta raba dutsen da kogin.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke shi inda ba a tambayar mutum daga ina yake.