Koren Shayin Mamuda Masassaƙi

Duk wanda ya taɓa sayen jirgi a bakin ruwan Yelwa a wancan zamanin ya san Mamuda masassaƙi. Dogo ne, siriri, ya ɗan yi doro saboda yawan sunkuyo a kan katako. Asalinsa mutumin ƙasar Ngaski ne. Yana saurayi ruwan madatsar Kainji ya hau kan ƙauyensu, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a tudu, shi kuwa ya ce ba ya iya barci inda ba ya jin motsin ruwa. Ya saɓa gizagonsa ya taho Yelwa, ya kafa rumfa a gindin wata tsamiya, daga baya ya auri Barira mai bandar kifi. A nan suka haihu, a nan suka aurar.

Bayan sassaƙa, abin da aka san shi da shi shi ne shayi, irin na Buzaye, wanda ake tafasawa a 'yar buta har ya yi baƙi, a ɗura masa suga har ya yi danƙo. Da la'asar masunta da masu tuƙin jirgi sukan taru a rumfarsa, ana sha ana gardamar kifi da siyasa.

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato ya fara rama, ga ƙishirwa da ba ta yankewa. A asibiti aka ce ciwon suga ne, in yana son ransa ya rabu da zaƙi. Ya gwada shayinsa ba suga, ya tofar, ya ce gara ya tauna ɓawon maɗaci. Bai kori majalisa ba, har butar ya bar musu. Amma da an ɗora ta a wuta sai ya juya baya ya kama buga ƙusa, ko da ba ƙusar da ke bukatar bugu. Fara'arsa ta ragu, a gida ma magana sai ta dole.

Ana nan, wata safiya wata a-kori-kura ta tsaya a bakin rumfar. Direban, wani saurayi ɗan Shanga mai suna Bilyaminu, ya fito tare da wani dattijo ɗan ƙasar Sin, gajere, mai furfura. Ya ce maigidansa ne, yana cikin masu gwajin irin shinkafa a fadamar Shanga, kuma jirgi yake so mai faɗin ciki wanda zai ɗauki buhuna. Aka shirya, Mamuda ya kama aiki.

Sai baƙon ya mayar da rumfar wurin zuwa. Yakan tsuguna ya yi ta kallo, ya ɗauki ɓarɓashin katako ya shinshina, ya gyaɗa kai. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka sa masa Mai Shinkafa. Bilyaminu, wanda ke fassara da ɗan Turancin da ke tsakaninsu, ya ce ai uban mutumin ma masassaƙin jirgi ne a wani babban kogi na ƙasarsu.

Wata la'asar aka miƙa wa baƙon shayi, ya lura maigidan wurin ne kaɗai ba ya sha. Ya tambaya, aka gaya masa dalili. Da ya dawo zuwa na gaba, da hantsi, sai ga shi da ɗan gwangwani da tambulan biyu.

Ya tafasa ruwa, ya sauke, ya ajiye buta a ƙasa ya zauna yana kallon kogi. Mamuda ya ɗauka mantuwa ce, ya kai hannu zai mayar da ita wuta, mutumin ya riƙe masa hannu yana dariya.

"Baba, ya ce a bari ruwan shi huce kaɗan," in ji Bilyaminu. "Wai ganyen ɗanye ne sharaf, tohon farko aka tsinka. Tafasasshen ruwa ƙona shi yake, shi ya sa yake ɗaci."

Mamuda ya leƙa gwangwanin. Ganyen ba murɗaɗɗe ba ne kamar na kasuwa. Siriri ne, a baje, kore shar kamar yau aka tsinko shi. Mai Shinkafa ya ɗebi kaɗan da yatsu uku ya zuba a tambulan, ya tsiyaya ruwan a hankali ta gefe. Ganyen ya taso sama, ya buɗe, ya shiga nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ko launin kirki bai yi ba.

Mamuda ya kurɓa don kada ya kunyata baƙo. "Wanga ai ruwan zafi ne," ya ce.

"Ya ce ka riƙe shi a baki tukuna, kada ka yi saurin haɗiyewa."

Ya sake kurɓa, ya riƙe. Sai ya ji wani garɗi kamar na gyaɗar da aka soya sama-sama, da ƙamshi irin na fadama bayan yayyafi. Ya haɗiye. Can sai wani zaƙi siriri ya taso masa daga maƙogwaro. Ya dire tambulan da sauri.

"Kai Bilyaminu, wa ya sa suga ciki? Kashe ni za ku yi?"

"Wallahi Baba ba wanda ya sa. A gabanka aka haɗa."

Mamuda ya dubi tambulan, ya dubi baƙon, ya ɗauka ya shanye. Aka ƙara ruwa a kan ganyen, na biyun ya fi na farko daɗi. Ranar har azahar yana ta motsa harshe a baki yana murmushi shi kaɗai.

Ranar da aka tura jirgin cikin ruwa, Mai Shinkafa ya danƙa masa sabon gwangwani da hannu biyu. Bilyaminu ya ce na gidansu ne, matarsa ta aiko masa, kuma a kiyaye shi daga rana da danshi da duk abin da ke da wari.

To, gidan Mamuda gidan banda ne. Hayaƙi ya kama bango, ya kama tufafi, har kuɗin gidan ƙaurin kifi suke yi. Ya ɗebi wani abu daga ganyen ya ƙulle a takarda don amfanin yau da gobe, ya sa a aljihun rigar da ke rataye. Ba a jima ba, wata safiya ya haɗa, ya kurɓa, sai ya ji kamar romon tarwaɗa. Ya zubar a gindin bango. Bai ce wa matarsa uffan ba, don kifin nan shi ya ciyar da gidan a shekarun da sassaƙa ta yi kwantai.

Amma Barira ta gani. Ta ɗauki takardar ta shinshina.

"Malam, mi ya hana ka faɗi?"

"In ce miki mi? Ki bar sana'arki saboda ganye?"

"Ba ni gwangwanin."

Ta tafi kasuwa ta sayo sabon ɗan tulu wanda bai taɓa ganin ruwa ba, ta kifa shi a rana har ya yi zafi. Ta zaɓi gawayi busasshe ta ƙulle a farin ƙyalle ta sa a ƙasa don ya tsotse danshi, ta naɗe gwangwanin ta ɗora, ta toshe bakin tulun da tsumma ta kifa ƙoƙo. Ta kai shi ɗakin marigayiya Innarta a ƙarshen gida, inda iska ba ta kai hayaƙi. Ta kafa doka: ba mai shiga ɗakin da hannun kifi, har ita kanta. Duk ranar da rana ta buɗe a cikin damina, takan fito da gawayin ta shanya ta mayar.

Haka ganyen ya ƙetare damina da ƙamshinsa. Mamuda ya gano ruwan kogi rage wa shayin garɗi yake, sai ya riƙa tarar ruwan sama a sabuwar tasa. Bayan sallar asuba yakan ɗebi ɗan kaɗan ya rufe da sauri, ya zauna a ƙofar ɗaki yana jiran ruwa ya huce. Jiran ma ya zame masa abin so. Barira ta kurɓa sau ɗaya ta ce ita dai ruwan zogale ta ji, amma ta ce wa maƙwabta maigidanta ya dawo yadda ta san shi.

Da gwangwanin ya ƙare bai yi baƙin ciki ba. Ya sayo ganyen kasuwa, ya ɗauraye shi, ya jiƙa kaɗan da ruwan da ya huce maimakon tafasawa. Bai kai wancan ba ko kusa, amma yana shawuwa ba suga, kuma da shi ya ci gaba har tsufa ya karɓe gizago daga hannunsa.

Mai Shinkafa kuwa bai sake zuwa ba. Aikinsu ya ƙare, ya koma ƙasarsu, Bilyaminu ya kama tuƙin motar haya. Abin ya daɗe yana damun Mamuda, har wata rana bayan azahar ya tare limamin unguwa a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, akwai wanda ya yi mini alheri, ina son in riƙa roƙa mishi lafiya da shiriya. Amma ba Musulmi ba ne, kuma ko sunanshi ban iya faɗi ba."

Liman ya sa takalminsa, ya dube shi.

"Roƙa mishi, Mamuda. Wanda kake roƙo ai ya san sunan."