Motar da ta durƙusa a Sanyinna

'Yan uwa, yau na ga mota ta durƙusa kamar raƙumi!

Babban yarona ya sayo akori-kura a Tambuwal. Dillalin ya nuna mai bidiyo tana hawan dutse, yac ce buhu goma sha biyu take ɗauka, ko gezau.

Da safe za mu Kebbe sunan jikata. Yaron ya loda buhun gero goma sha biyu cif. Sannan ni, da ƙannena mata fuɗu, da ragon suna, muka hau. Ai bai ƙirga mu ba!

Muna isa Sanyinna sai ƙiiii! Bayanta ya zauna, taya na gugar ƙarfe.

Wani tsohon direba ya leƙa rubutun jikin ƙofa, yac ce, "Samari, nauyin da anka rubuta nan, har da mutane."

Nac ce, "To bari in sauka in hau mashin da ragon, kada a raɗa suna babu rago."

Yaron nan nawa, mai kuka in ƙwayar gero ta zube, ya kama sauke buhuna bakin hanya. Har biyar! Yac ce, "Inna, zauna abinki. Gero ya jira."

Wallahi sai da na ja mayafi na rufe fuskata.