Alhaji Munzali da Kujerarsa Mai Kallon Bango

Ina cikin Kasuwar Kurmi da hantsi, muna ja-in-ja da wani dillali a kan lodin fatun da za a kai Legas, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Chidi ne, mutumin Anaca, babban direban garejin Alhaji Munzali. Kullum in ya kira ni da tsokana yake farawa, ya ce da ni ɓarawon zaune. Ran nan bai yi ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Sabo, Baba ya tafi." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dillalin ya dubi fuskata, ya tattara cinikinsa ya ajiye, ya ɗaga hannu muka yi addu'a a tsaye.

Ni ɗan kamasho ne. Sana'ata haɗa mai kaya da mai mota, in ci nan in ci can, kowa ya tafi yana ganin shi ya yi wayo. Wanda ya tsufa a wannan sana'a ba ya saurin yabon mutum, don ya ga cikin aljihun kowa. To ni na ga cikin na Alhaji tun gashina yana baƙi, kuma yau na zo in faɗi alheri ba tare da an ba ni ko sisi ba.

Alhaji Munzali ɗan cikin birni ne, daga gidajen nan da kakanninsu suka keto sahara da raƙuma suka zauna kusa da Kurmi. Shi ya sauya raƙumi da tirela. Gidansa na cikin lungun da ko kura ba ta shiga sai an karkata, garejinsa kuwa na bayan Ƙofar Kabuga. Yakan ce ayarin kakansa akwai Buzu, akwai Balarabe, akwai Babarbare da Bahaushe, kuma, in ji shi, "Kakana bai taɓa tambayar madugu sunan garinsu ba. Hanyar rijiya yake tambayarsa."

Duk wanda ya san garejin ya san kujerar. Wata tsohuwar kujerar ƙarfe ce a gindin darbejiya. In za a ɗauki sabon direba, sai Alhaji ya juya ta ta fuskanci bango, ya zauna ya ba filin baya. Masu nema su hau wata tsohuwar babbar mota roka ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fita ƙofa, ya kewayo ta kan gargada, ya dawo ya shigar da ita da ribas tsakanin durom biyu. Alhaji ba ya tambayar suna, ba ya waiwayowa. Saurare yake: yadda mutum ke sakin kuloci, yadda giya ke shiga, ko birki na kuka ko yana magana. Wanda ya gamshe shi, sai ya ɗaga hannun dama, sannan ya juyo ya ga wa Allah ya ba shi. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala. Ya ce, "Ido yana da dangi, Sabo. Kunne ba shi da kowa."

Ta haka garejin ya cika da mutanen da ba za ka same su a gidan biki ɗaya ba. Ta haka Chidi ya shigo, a shekarun da wasu masu motoci ke cewa ba za su damƙa dukiyarsu ga wanda ba su san kabarin kakansa ba. Akwai Batibi, akwai Bayarabe, akwai wani Bafulatani da Babarbare da aka haɗa mota ɗaya, suna tafe suna gardamar wane ne bawan wani tun daga Kano har Fatakwal. Akwai wani mai ido ɗaya da gareji uku suka kora, bai taɓa ko goge madubi a jikin wata mota ba har ya yi ritaya.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake ba shi labari. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san inda riba take kwana. Juma'a Kiristoci ke kan hanya, Lahadi Musulmi. Da Kirsimeti mu ke riƙe Kudu, da Sallah su ke riƙe ko'ina. Motarsa ba ta taɓa lalacewa a garin da babu mai jin yaren wurin a cikinta ba. In aka yaba masa da adalci sai ya yi dariya ya ce Allah ne ya raba mana ranakun hutu don kada taya ta yi sanyi. Amma na ga abin da riba ba ta bayyana shi. Da mahaifiyar Chidi ta rasu, Alhaji da kansa ya bi mota har ƙauyensu, ya zauna a ƙarƙashin rumfa da rawaninsa, ya dawo yana ba mu labarin yadda suka yi ta neman abin da zai iya ci.

Sai zancen Asabe. Asabe 'yar direban tipa ce, a gefen ubanta ta koyi sitiyari, ta yi shekaru tana jan tankar ruwa a unguwannin bayan gari. Mijinta tela ne a Ƙofar Mata, mutum mai sanyin hali, shi ya zo ya same ni ya ce tankar ta mutu, mai ita ya sayar, ga yara a makaranta. Na san ranar da Alhaji zai juya kujera. Ban ce masa komai ba. Na ajiye ta a bayan shagon mai faci har sai da ya zauna, sannan na sa ta a layi.

Wanda ya riga ta ya sa giya ta yi ƙara kamar ana yanka akuya. Da ta hau, rokar nan da muka sani da tari sai ta koma kamar mai karatu. Ta fita, ta kewayo, ta shigo da baya ta tsaya tsakanin durom biyu ba tare da ta ƙara ko taku ɗaya ba. Tun inji bai mutu ba hannun Alhaji ya tashi. Ya juyo da fara'arsa, sai ga mace tana saukowa, tana gyara hijabi.

Na ga gemun Alhaji yana motsi, alamar ana shawara a ciki. Ya dube ta, ya dube ni.

"Sabo, wannan aikinka ne."

Na ce, "Alhaji, direbobi ka ce in kawo. Ba ka ce in kawo gemu ba."

Alhaji ya shafa gemunsa. Sannan ya ce kunnensa ya riga ya yi magana, kuma bai tsufa da zai fara ƙaryata shi a gaban yara ba. Ya tambaye ta ko da yardar maigidanta, ta ce ga shi can a bakin ƙofa. Ya miƙa mata makulli.

Ba a makullin ya tsaya ba, kuma nan ne na ƙara sanin mutumin. Ya ɗauki yayanta aiki ya zama abokin tafiyarta. Ya ba ta hanyar Katsina da Maraɗi, inda za ta je ta dawo ba ta kwana a tasha ba. Ya kira magini ya yi bayi mai ƙofa da sakata a garejin da maza suka shekara talatin suna zagayawa bayan katanga, ya ware mata wurin salla. Da wani mai hatsi ya aiko cewa kada a ɗora buhunansa a motar mace, Alhaji ya aika masa cewa ya ji, amma motar mace ce kaɗai ba ta da lodi sai wani mako. Mutumin ya haƙura. Daga baya shi ke kirana a waya yana cewa in ba Hajiya Asabe ba, a bar kayan su jira.

Mutum ɗaya ne bai taɓa saukowa ba, Alhaji Tijjani, ƙanin marigayi, tsohon direba da ya ci hanyar Legas tun tana jar ƙasa. A ganinsa abin kunya ne ga gidan. Yana girmama yayansa, don haka ya haɗiye, amma kowa ya san yana nan a maƙogwaro.

An yi jana'iza bayan azahar. Chidi da 'yan'uwansa Kiristoci suka tsaya a bakin maƙabarta suna ba motoci hannu, har aka gama babu wanda ya yi ko hon. Ranar sadakar bakwai, mutane sun ragu, Alhaji Tijjani ya kira Nura, babban ɗan marigayi, a zaure ina zaune. Ya ce yanzu gida ya dawo hannunsu, a sallami matar nan cikin mutunci, akwai ɗan abokinsa da ke neman mota. Kafin Nura ya buɗe baki sai ga saƙo daga cikin gida: Asabe ta zo gaisuwa, ta bar makulli a hannun uwargida, ta ce amana ce, mai ita ya tafi.

Nura yaro ne mai karatu, amma jinin kasuwa bai bar shi ba. Bai musa wa baffansa ba. Ya ce duk abin da Baffa ya ce shi za a yi, sai dai a gidan nan hanya ɗaya ya sani ta ba da mota, kuma ba shi da kunnen da zai zauna a kujerar. Baffa ne ya san inji. Ya roƙe shi ya zauna. Na sunkuyar da kai don kada a ga bakina.

Da safiyar Asabar aka juya kujera. Alhaji Tijjani ya zauna yana kallon bango, ya harɗe hannu. Ɗan abokin nasa ya fara, kuma gaskiya yaron bai yi laifi ba. Wani ya biyo. Sannan rokar ta sake tashi, giya ta ɗaya ta shiga kamar an sa cokali a man shanu. Ko ƙofa ba ta kai ba na ga kafaɗar tsohon ta sauka. Duk wanda ya yi shekaru a filin nan ya san wannan hannu, shi ma ya sani, mu ma mun san ya sani. Ba wanda zai ce masa komai in ya bar hannunsa a harɗe.

Bai jira ta kewayo ba. Bai kuma juyo ba. Ya ɗaga hannun dama, ya ce da bango, "Ku ce ta dawo, kada ta ƙona mana mai a banza. A ba ta makullinta."

Ya ɗan jima a zaune bayan nan, yana share ido da bakin rawani, muka bar shi da bangonsa. Ranar Litinin Asabe ta ɗauki lodin Maraɗi. Yaron abokin nasa ma Nura ya ce ya dawo in an sake juya kujera.

Ya Allah, ga bawanka Munzali ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ya saurari bayinka bai dubi fuskarsu ba. Ka dube shi da idon rahama. Ka ba uwargida da 'ya'yansa da Alhaji Tijjani haƙurin rashi, Ka haɗa kansu, Ka sa albarka a abin da ya bari. Ka tsare direbobinsa a duk hanyar da suka hau, wanda ya tashi daga masallaci da wanda ya tashi daga coci, Ka mai da kowa gidansa lafiya. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.