Asmenos da Maharbin Sama

A ƙauyenmu na tsibirin Kiyos ba a sa wa inabi wuƙa sai Asmenos ya ce a sa. Aikin gidansu ne tun kaka da kakanni. Da asuba yakan hau dutsen bayan gari ya duba Oriyon, maharbin nan na sama mai ɗamarar taurari uku. Ranar da ya gan shi tsaye a tsakiyar sama kafin gari ya waye, sai ya sauko ya ce a fito da kwanduna. Mutum ne mai ji da kai, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa, amma ido kam alloli sun ba shi.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ya dushe. Ya ɓoye wa kowa. Wata shekara ya yi ta cewa a dakata, maharbi bai iso ba, har ruwa ya sauko inabi ya ruɓe a reshe. Nawa ma bai tsira ba.

Maginin tukwane ya tare shi a dandali. "Tsoho, Oriyon ɗin ne ya makara, ko kai ne?"

Aka kwashe da dariya.

Kowa a nan ya san cewa a tsibirinmu sarki ya makantar da Oriyon saboda ya taɓa 'yarsa, shi kuwa ya nausa gabas har rana ta fito masa a fuska, ganinsa ya dawo. Mu mun ɗauke shi labarin ba yara. Asmenos ya ɗauke shi magani. Kullum sai ya sa matarsa Bitto ta raka shi gaɓar gabas, ya ware ido da yatsu ya ƙura wa rana, hawaye na kwarara.

"Haba maigida," in ji Bitto, "shi fa ɗan allan teku ne. Kai ɗan wa? Bar ɗan abin da ya rage, ko gurasarka ka riƙa gani."

"Rufe min baki! Ranar da ta warkar da shi canza ta aka yi?"

Garin neman gira aka rasa ido. Kafin sanyi ya shigo, na hagun da yake ɗan hango ɗamarar da shi ya mutu murus. Duba sama ya koma wani gida, Bitto kuma ba ta daɗe ba ta rasu.

Yana nan har yau a ƙofar ɗakinsa. In na tuna inabina haushi ya kama ni, in na dube shi tausayi ya fi ƙarfina. Lokacin yanka, da ya ji motsin kwandona sai ya ɗaga kai.

"Maƙwabci, yana nan a sama?"

"Yana nan, baba."

"Da idonsa duka biyu?"