Fitilar Motar Shanu

Jiya ina goge kanta sai wani tsohon gwangwanin shayi ya faɗo, ƙananan notoci suka yi ƙara a ciki. Na zauna a ƙasa ina duba su, don na surukina ne.

Shi ke saita fitilun babbar motar shanun da maigidana ke tuƙawa. A shekarun yaƙi, masu bindiga a shingen hanyar Lamaji ba sa tambaya. Motar da ta haske musu ido, harbi kawai suke yi. Don haka duk ranar tafiya, bayan magariba sai ya sa a juyo da motar ta fuskanci bangon gidanmu, ya kira ni.

"'Yata, tsaya jikin bangon. Hasken yana taɓa fuskarki?"

"Yana taɓawa, Baba."

Sai ya duƙa, yana warin baƙin mai da goro, yana murɗa notin a hankali yana salati, har hasken ya bar idona ya sauko gwiwata. "Yauwa. Hanya za ta haska, ba mutane ba. Ɗana nake so ya dawo."

Zazzaɓi ya ɗauke shi tun yaƙin bai ƙare ba, lokacin babu hanyar asibiti. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa da haske mai sanyi.

Ranar da maigidana zai yi tafiyar farko bayan rasuwar, ƙaramar 'yata ta riƙe zanena a ƙofar gida, tana kallon motar.

"Inna, yau wa zai sauke wa Abba fitila?"