Taku Bakwai a Gonar Maƙwabci

Duk sanda na ji ƙamshin gambar da aka yanko don saƙar zana, sai in tuna da gonar maƙwabcinmu. A ƙauyenmu, yamma da Gidan Rumji, da gamba ake shaida iyakar gona.

Ina da shekara goma sha biyu, wata bazara na fita itace, na tarar da baffana, ƙanen mahaifina, yana tone tushen gamba yana dasawa cikin gonar maƙwabcinmu. Taku bakwai ya ci. Maƙwabcin tsoho ne, ganinsa ya yi rauni, kuma gonar nan kaɗai ke ciyar da gidansa.

Ban zame ko'ina ba sai ɗakin kakata. Duk wanda abu ya shige wa duhu a unguwarmu, wurinta yake zuwa ya ji ko ya dace ko bai dace ba. Ko liman yakan aiko a ji ta bakinta. Ni kuwa a lokacin, da za ta ce mini gari bai waye ba, komawa zan yi in kwanta.

Tana kaɗi ta saurare ni, mazarinta bai tsaya ba.

"Ɗiyata, idonki ya gani, amma hankalinki bai kai nan ba tukun. Ba a tona ma jini asiri don ƙasa. Ki bar ma manya."

Wallahi daɗi na ji, don an sauke mini kaya.

Da ruwan shuka ya sauka, magana ta kai gaban mai gari. Wani ya ce ya gan ni a wajen ran nan, aka kira ni. Na ce ban ga komai ba. Tsohon ya juyo wajen muryata.

"Jikar gidan nan ba ta ƙarya. In ta ce haka, ni na ɓata."

Ya lalubi sandarsa ya tafi.

Shekaru sun shuɗe. Kaka da baffa da tsohon dukansu sun rasu. Gonar tsohon ta kasa riƙe jikokinsa, biyu sun tafi cirani ba su dawo ba. Yanzu ni ce mata ke zuwa tambaya, su cire takalmi a ƙofata, in ba su amsa ba tare da wata-wata ba. Har yau ban sani ba, Kaka kuskure ta yi, ko tana sane ta zaɓi ɗanta. Babu wanda ya rage da zan tambaya, kuma ina jin tsoron ranar da ni za a tambaya. Bana ma 'ya'yan baffa sun kawo mini dami daga gonar da aka ƙara wa taku bakwai ɗin, na sa an sussuka, na ci.